Waliyyai Majiɓinta: Daga Kaburburan Shahidai Zuwa Baiwar Darfur

Wajen shekara ta 155, mahukuntan Rum suka kashe wani tsohon bishop mai suna Polikab a garin Simirna, wato Izmir ta ƙasar Turkiyya a yau. Mabiyansa suka tattara ƙasusuwansa suka adana, suna taruwa a wurin duk shekara a ranar da aka kashe shi. Daga irin wannan taro al'adar ta samo tushe. Da zalunci ya lafa a ƙarni na 4, sai aka shiga gina majami'u a kan kaburburan shahidai, kowane gari ya riƙi nasa shahidin a matsayin mai roƙa masa Allah. Shi ne ake kira waliyyi majiɓinci.

Sannu a hankali abin ya wuce garuruwa ya shiga sana'o'i. Masunta suka riƙi Bitrus, likitoci suka riƙi Luka, masassaƙa suka riƙi Yusufu mijin Maryamu, Ingila kuma ta ɗauki Joj. Zaɓin ya yi yawa har sai da Rum ta sa doka a 1630, zamanin Fafaroma Urban na 8, cewa jama'ar gari ne za su zaɓa, bishop da limamansa su amince, sannan Rum ta tabbatar. Ba duk Kiristoci ne suka yarda da haka ba. Tun ƙarni na 16 'yan Furotesta suka bar roƙo ta hannun waliyyai, shi ya sa ba za ka ji wannan a majami'ar ECWA ko COCIN ba. 'Yan Katolika kuwa cewa suke ba bauta suke wa waliyyi ba, addu'arsa suke nema.

A ganina, inda al'adar ta fi taɓa zuciya shi ne inda mutane suka zaɓi wanda ya ɗanɗani irin azabarsu. Fatirik, majiɓincin Ailan, yana ɗan shekara 16 mahara suka sace shi daga Birtaniya zuwa Ailan, ya yi shekara 6 yana kiwo a hannun iyayen gijinsa, ya gudu, daga baya ya komo ƙasar da ta bautar da shi yana wa'azi. Limaman mishan na Ailan ne suka kawo sunansa Najeriya, inda a 1961 aka sanya shi majiɓincin ƙasar.

Amma labarin da ya fi kusa da mu na Josfin Bakita ne. An haife ta wajen 1869 a ƙauyen Olgosa da ke Darfur, a yankin da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna ratsawa da ƙafa zuwa Makka. Ba ta kai shekara 10 ba masu farautar bayi suka sace ta. Tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata; Bakita ɗin ma masu satar ne suka laƙaba mata. Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu tsakanin El Obeid da Khartum. A gidan wani janar Baturke ta ga tashin hankali mafi muni. Aka kira wata mata ta zo da garin alkama da gishiri da aska. Ta zana wa yarinyar zane da garin a ƙirji da ciki da hannun dama, ta bi zanen da aska tana tsagawa, sannan ta cusa gishiri a cikin raunin don tabon ya tashi. Tsaga 114 aka yi mata.

A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Kalisto Lenyani, ya saye ta, a 1885 ya tafi da ita ƙasarsu, inda ta zama mai renon 'yar wasu abokansa. Da uwar yarinyar za ta yi tafiya, sai ta bar Bakita da yarinyar a gidan sistocin Kanosa da ke Benis. Da ta dawo ɗaukarta, Bakita ta ce ba inda za ta. Magana ta kai gaban hukuma, kuma ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka 'ya ce. Aka yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu 1890, ta ɗauki alkawarin zama sista a 1896. Daga 1902 galibi ta zauna a garin Skiyo tana girki da tsaron ƙofa, har ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947.

Fafaroma John Paul na 2 ya sanya ta cikin waliyyai ranar 1 ga Oktoba 2000. Kiristocin Sudan suka riƙe ta majiɓinciya, haka ma waɗanda suka kuɓuta daga hannun masu safarar mutane. Tun 2015 cocin Katolika ke keɓe ranar rasuwarta don addu'a da faɗakarwa a kan wannan mummunan ciniki, wanda har yau yake bi da 'yan matan Najeriya ta Agadas da Libiya zuwa Italiya.