Labarin Kai da Masu Sauraronsa: Waiwaye a kan Ba da Labarin Rayuwa a Jos

Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe suna rarrabe tatsuniya da almara da hikaya da tarihi, kuma kowane daga cikinsu ya sami rabonsa na nazari. Wanda bai sami kulawa sosai ba shi ne labarin da mutum yake bayarwa na abin da ya same shi shi da kansa, a gaban jama'a, da sharaɗin cewa gaskiya yake faɗa. A wannan maƙala za a kira shi labarin kai. Manufar ita ce a bi tarihinsa a garin Jos, a kuma nuna cewa siffarsa takan sauya ne gwargwadon wanda ya zauna yana saurare.

Sigoginsa

Mai tatsuniya yakan buɗe da kalmomin da ke sanar da cewa ƙirƙira ce za ta biyo baya, saboda haka ba mai tuhumarsa. Mai labarin kai ba shi da wannan mafaka. Jarinsa shi ne a yarda cewa ganau ne ba jiyau ba, kuma harshen Hausa ya tanadar masa kayan aiki. Abin da ya gani yakan jero shi da "sai na" da "sai muka". Abin da aka gaya masa kuwa dole ya rataya masa "wai" ko "an ce", in ba haka ba wani dattijo a gefe zai tambaye shi ko yana wurin. Ba ya ƙidayar shekara da lamba, sai da abin da kowa ya sani, watau shekarar yunwa kaza ko zamanin sarki wane. Yakan kuma kafa shaida da rayayye, ya ce wane yana nan da ransa, a je a tambaye shi.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da wannan fanni. Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma shi ne kuma ya ce yabon kai jahilci. Tsakanin waɗannan biyun gwani yake bi. Yakan jingina nasararsa ga ikon Allah ko ga alherin maigidansa, ya ba da wautarsa da kansa don a yi dariya, sa'an nan ya bar mai sauraro ya gano jaruntar da bai ambata ba. Masu sauraro ma ba 'yan kallo ba ne. Da "to", da "ikon Allah", da "ƙwarai kuwa" suke riƙe masa labarin, kuma in suka yi tsit ya san ya fara wuce gona da iri.

Abin da ya gabaci Jos

Tsofaffin labaran kai da muke da su a rubuce baƙi ne suka saurare su. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, wanda ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba J. F. Schön labarinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo ta ba Mary Smith nata a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito da Ingilishi a 1954. Abin lura game da Dorugu shi ne an adana kalmominsa na Hausa, shi ya sa har yau masu nazarin harshe suke komawa gare shi don ganin Hausar tsakiyar ƙarni na 19. Wannan batu zai sake tasowa a gaba.

Garin baƙi

Jos ta bambanta da Kano ko Katsina ta wata fuska mai muhimmanci. A tsohon birni asalin mutum sananne ne, unguwarsu da sana'ar gidansu sun riga sun yi magana a madadinsa. Jos kuwa kuza ce ta tara ta. Turawa sun kafa sansanin haƙa a Naraguta a farkon ƙarni na 20, a ƙasar da Anaguta da Afizere da Birom suke zaune tun da can. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya kai Bukuru a 1914, babban layin gabas ya iso Jos a 1927. Ta waɗannan hanyoyi leburori da fatake da malamai da akawuna suka yi ta kwararowa. Wanda ya sauka a barikin kuza ba wanda ya san ubansa. Kafin ya sami masauki ko bashi ko mata, sai ya faɗi daga ina ya taso, me ya fito da shi, a hannun wa ya fara sauka. A nan labarin kai ya zama takardar shaida. Har laƙabi ma yakan ɗauki wannan aiki: Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, duniya ta san shi ne da Ɗan Maraya Jos, sunan da ya taƙaita ƙuruciyarsa da garinsa gaba ɗaya.

Wani abin da ya kamata masana harshe su kula da shi shi ne cewa yawancin masu ba da waɗannan labarai da Hausa ba Hausawa ba ne. Hausa ce harshen bariki da kasuwa, don haka Birom da Angas da Tibi da Ibo duk da ita suke gaya wa juna abin da ya same su. Hausa ce wadda sau da yawa ba ta bambanta jinsin namiji da na mace, ba ta kuma damu da ƙugiyar baƙaƙe ba. Mai tace rubutu yakan ɗauki wannan kuskure ne ya gyara. A ganina, in ya gyara ya shafe rabin labarin, domin yadda mutum yake furta Hausarsa shi ma yana faɗin hanyar da ya biyo.

Babu zamanin da ya bar labarai masu ɗaci kamar na aikin tilas. Bayan da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗebo talakawa daga lardunan Arewa zuwa Filato har 1944. Wannan shi ne abin da ake kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin ƙasarsu suka tarar da sanyin tsauni ba isasshen abinci ba mayafi, da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. Takardun hukuma sun riƙe lissafin kawuna, amma yadda aka kwana da yadda aka tsere cikin dare, wannan a bakin waɗanda suka tsira kawai yake.

Sabon mai sauraro

Daga wajen 1960 mai bincike ya shigo da littafin rubutunsa, daga baya da rikoda. Leonard Plotnicov ya zauna a Jos daga 1960 zuwa 1962, ya gina littafinsa Strangers to the City na 1967 a kan rayuwar mutum takwas daga ƙabilu daban-daban. Bill Freund ya fitar da tarihin ƙwadago a mahaƙar kuza a 1981. A Jami'ar Jos kuma Elizabeth Isichei ta jagoranci tattara tarihin baka na al'ummun Filato, wanda ya fito a jerin Jos Oral History and Literature Texts.

Waɗannan ayyuka sun ceto abin da da ya salwanta, ba a musun wannan. Sai dai mai bincike ba abokin hira ba ne. Shi yake zaɓar tambaya, ba ya iya ƙaryata mai magana don ba ya wurin, kuma abin da ya kai ga mai karatu yawanci fassara ce ta Ingilishi. A cikin fassara "wai" takan ɓace, da ita kuma iyakar da mai labarin ya shata tsakanin abin da ya gani da abin da ya ji. Kunyar da ta hana mace ambatar sunan mijinta ko ɗan farinta takan koma giɓi kawai a shafi. Abin da Schön ya yi wa Dorugu, na barin kalmominsa yadda suke, bai zama al'ada ba.

Mai sauraro na uku ya zo da rikici. Bayan tarzomar 12 ga Afrilu 1994 an kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima, bayan ta 7 ga Satumba 2001 na Niki Tobi, bayan ta Nuwamba 2008 na Bola Ajibola. A irin wannan zama labarin "kakana ya zo shekara kaza" ko "gonar kakana ce aka haƙa" ya tashi daga hira ya koma hujja a gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mai ba da shaida ba ya ba da wautarsa don a yi dariya, ba ya ambatar alherin maƙwabcin da ba na ɓangarensa ba, domin duk abin da ya faɗa za a auna shi a kan jama'arsa. Harshen rahoton kuma Ingilishi ne. Wanda ya shiga bariki yana saurayi a 1942, in yana raye yau ya kai shekara ɗari ko ya kusa, kuma jikokinsa a unguwannin da rikici ya raba suke jin labarinsa, kowane ɓangare a zaurensa.