Bussar da ke ƙarƙashin ruwa

1/ Tun a firamare muka haddace cewa a Bussa Mungo Park ya mutu a 1806. Amma ko kun san waccan Bussar yanzu tana ƙarƙashin tafkin Kainji? Wallahi ni ma sai da na shiga aji uku a jami'a na sani. Ku biyo ni 🧵

2/ An fara gina madatsar Kainji a kan kogin Neja a 1964, aka kammala a 1968. Ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, har ya kai Yelwan Yawuri. An tayar da mutum sama da 40,000. Mutanen Bussa suka koma New Bussa, Gungawa da yawa suka bar tsibiransu.

3/ Mai rai ana iya gina masa sabon gida. To kufai da kaburbura da abin da ke binne a ƙasa fa? Shi ya sa masu binciken kayan tarihi suka shiga kwarin kafin ruwa ya iso. Robert Soper ya zagaya yana rubuta wuraren da aka taɓa zama, wasu suka biyo baya da haƙa.

4/ Kusa da Yelwa, A. J. Priddy ya haƙa wani tudu. Aka samu tukwane, kayan ƙarfe da ƙananan mutum-mutumi na yumɓu. Gwaji ya nuna mutane na zaune a wurin tun kafin shekara ta 700 miladiyya, ɗaruruwan shekaru kafin Kanta na Kabi.

5/ David Breternitz kuma ya haƙa tudun Baha. Sai dai kaɗan daga cikin wuraren aka samu haƙawa. Lokaci ya ƙure, ga yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Sauran duk ruwa ya shanye.

6/ A daidai waɗannan shekarun, 1964 zuwa 1968, aka yanka gine-ginen Abu Simbel na Masar gunduwa-gunduwa, aka mayar da su kan tudu saboda madatsar Aswan. UNESCO ta jagoranta, ƙasashe kusan 50 suka taimaka. Namu ginin ƙasa ne, ba ya ɗaukuwa. In ba a haƙa an rubuta ba, ya tafi ke nan.

7/ Ba ina sukar madatsa ba ne, mu ma muna son wuta. Amma yanzu haka akwai aikin madatsar Kandaji a yankin Tillaberi na Nijar, a kan wannan kogin dai. Ya kamata bincike ya riga ruwa isa.

8/ 'Yan Yawuri da Borgu, in kuna da kaka ko kakan da ya ga tashin 1968, ku zauna da shi, ku kunna rikodin waya. Ku tambayi sunan garinsu na da, da inda makabartarsu take. Yaron da ke da shekara 10 a lokacin yau ya doshi 70.