Sunayen Furannin Daji a Ƙasar Konni

A yankunan Birnin-Konni, Malbaza da Illela na jihar Tawa, akan san tsiron daji da aikinsa ko ɓarnarsa, ba da kyan furensa ba. A bakin mutanen nan ma "hure" ake cewa.

Ƙuduji, mai fure ruwan hoda, ya fi kowanne baƙin jini: yana kama saiwar hatsi da dawa ya shanye su, shi ya sa wasu ke ce masa wuta-wuta. Bado na tafki ne, mai farin fure. Duman kada kan malala a fadamun kwarin Maggiya. Tafasa da gasaya kuwa ganyensu ake ci. Tumfafiya ko rani ba ya kashe ta.

Wani masanin tsirrai, J. M. Dalziel, ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa na 1916.