Ranar da Kasparov Ya Miƙa Wuya

Duk wanda ya taɓa zama majalisar dara a Gusau ko Tsafe ya san 'yan kallo kan hango abin da ya ɓace wa mai wasa. Haka ta faru da Garry Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa a wancan lokacin.

Ran 4 ga Mayu, 1997, a New York, yana wasa na biyu da Deep Blue, kwamfutar IBM. Bayan taku 45 ya ga ba mafita, ya sallama. Washegari mutanensa suka shaida masa cewa da ya tura sarauniyarsa ta addabi sarkin kwamfutar ba ƙaƙƙautawa, da an tashi canjaras. Masana sun yi ta jayayya kan hakan.

Mu dai muna ganin ya yi gaggawa. Tsoro ne ya kayar da shi, don ya ɗauka na'ura ba ta barin ƙofa a buɗe, shi ya sa bai ko duba ba. Bai sake cin wasa ba a karawar, na shida ma taku 19 kacal ya yi. Aka tashi 3½ da 2½.