Yini guda cikin tsofaffin littattafan zamanin Nasara a Yamai



A makon jiya aiki ya kai mu Yamai. Kafin mu kama hanyar gida, sai muka ce bari mu leƙa wani wuri da muka daɗe muna jin sunansa a bakin malaman tarihin da muke gayyata a rediyo, wato cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni da ake kira IRSH. Mun shiga da niyyar awa ɗaya, wallahi sai da la'asar ta same mu a ciki.

Cibiyar ta girmi jami'ar kanta. A 1944 ne Faransawa suka buɗe ta a matsayin reshen IFAN, wadda uwarta ke Dakar. Marigayi Boubou Hama ya taɓa shugabantar ta tun kafin samun ƴancin kai, kuma a 1974 aka haɗe ta da jami'a. A ɗakin karatunta ake ajiye littattafan matafiya da sojoji da kwamandoji na farkon mulkin mallaka, irin waɗanda ba ka samun su a kasuwa ko da kuɗinka.

Wanda ya fi riƙe mu shi ne rahoton tawagar Kyaftin Tilho. Daga 1906 zuwa 1909 wannan tawaga ta yi aiki tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi. Tare da Ingilishi suka bi daji suna kakkafa alamomin iyaka, bayan yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a Landan a 1906. To jama'a, iyakar nan da ke tsakanin Ƙwanni da Illela, ko Dan Isa da Jibiya, ko Magarya da Daura, inda kawu ke Nijar ɗan ƙanensa ke Najeriya, ga mafarinta a kan takarda. Muna duban taswirar muna karanta sunayen garuruwanmu da rubutun Faransanci, wasu an karkace su har sai ka faɗa da baki kafin ka gane garin da ake nufi.

A cikin tawagar akwai wani tafinta mai suna Landeroin, Bafaranshe mai jin Hausa. Duk inda suka yada zango yakan zauna da fadawa da tsofaffi, ya tambayi asalin gari da jerin sarakuna, ya rubuta. Abin da ya tara ya fito a juzu'i na 2 a 1911: tarihin Damagaram, Tasawa, Maraɗi, Gobir, Ƙwanni, Adar da sauransu. Har yau masana na komawa gare shi.

Amma a nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Ku tuna lokacin da ake wannan hira. Shekara bakwai ko takwas ne kacal bayan 1899, shekarar da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu ta Sarauniya Mangu, ta ƙone Birnin Ƙwanni, aka karkashe mutane ba adadi. A shekarar ce kuma Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, daga baya suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 ɗin ma an tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa aka kai shi Kodebuwa. To tsohon da Nasara ya kira ya zaunar, ga sojoji a bayansa, kuna jin zai faɗi duk abin da ke ransa? Kuma wa aka kira? Mai riƙe da sarauta a ranar da mutanensa. Gidan da aka ture, wa ya je ya tambaye shi?

Kada ku ɗauka wannan zancen ƴan boko ne kawai. Yau in sarki ko mai gari ya rasu aka zo takara, sau da yawa takardun zamanin Nasara ake zaƙulowa don a ga gidan wa ke da gado. Sunan da wani kwamanda ya rubuta, ko ya tsallake, shekara ɗari da suka wuce, yana iya raba zuri'a guda gida biyu. Mun sha karɓar irin waɗannan koke-koke a shirye-shiryenmu.

Abin da ya sanyaya mana rai shi ne sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke cikin cibiyar. Akwai kimanin 4,000, kuma Boubou Hama ne ya faro tara su. Nan za ka ga hannun malamanmu da tawadarsu: fiƙihu, wa'azi, magani, wasiƙu da tarihin garuruwa. Masana irin su André Salifou, da ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, da Djibo Hamani, da ya yi na Adar a 1975, abin da suka yi ke nan: suka ɗauki takardar Nasara, suka gwada ta da rubutun malamai da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Kunne ya girmi kaka, amma sai an ji ta bakin kowa.

Mu da muka yi lakwal, mun haddace 14 ga Yuli na 1789 tun muna yara. Mu nawa ne za su iya faɗin abin da ya faru ran 14 ga Yuli na 1899 a Dankori, kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da ɓarnar?

Roƙonmu biyu ne. Ɗalibai da malaman makaranta, in kun shiga Yamai ku ware yini guda ku je ku karanta da idonku. Ku kuma da ke da gafakar kaka ko tsohon akwati a ɗaki, ku duba su kafin damina, don gara da yoyon ruwa ba su san darajar takarda ba. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ku kai wa malamin da ke karanta ajami ya karanta muku. Tsohon da ya rage a gida kuma, ku zauna da shi ku naɗi muryarsa tun yana iya ba da labari.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.