Yadda Aka Haɗa Salsalar Gidan Musa bin Maimun Daga Tarin Tsofaffin Takardu

A tsohuwar Alƙahira, unguwar da ake kira Fusɗaɗ, akwai wata majami'ar Yahudawa mai suna Ben Ezra. A jikin ginin akwai wani ɗaki da ake jefa takardu ciki ta wata kafa can sama a bango. Kusan shekara dubu mutanen unguwar suka yi suna zuba duk takardar da ta gama aiki a wannan ɗaki. Dalilinsu ba baƙo ba ne a wurinmu: takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita a bola. To, da yake kusan kowace wasiƙa da kowace yarjejeniya a wancan zamani da sunan Allah take farawa, sai ya zama har rasiɗin haya da takardar sadaki da lissafin bashin mai shago duk nan suka ƙare. Irin wannan ɗaki shi suke kira geniza.

A shekarar 1896 wasu tagwayen mata 'yan Sikotilan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka dawo daga Masar da wasu guntayen takardu, suka nuna wa wani malamin Jami'ar Kambirij mai suna Solomon Schechter. Da ya ga abin da ke ciki bai yi wata-wata ba, ya nufi Alƙahira a ƙarshen shekarar, ya kwaso abin da yanzu aka ƙirga ya kai guntu kusan 193,000. In aka haɗa da waɗanda suka watsu a sauran ɗakunan karatu na duniya, adadin ya kai wajen 400,000. Yawancin wasiƙun da Larabci aka yi su, amma da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda mu muke rubuta Hausa da haruffan Larabci mu ce ajami.

Babu wanda ya zuba waɗannan takardu don a zo a binciki asalinsa. Amma daga cikinsu ne masana suka iya bin sawun wani gida guda, ɗa bayan uba, har sama da shekara 200. Gidan kuwa shi ne na Musa bin Maimun, likita kuma masanin falsafa, wanda Turawa ke kira Maimonides.

Shi kansa Musa ya sauƙaƙa wa masu bincike rabin aikin. A ƙarshen sharhin da ya yi wa Mishna, wato tsohon kundin dokokin Yahudawa, ya jera kakanninsa: mahaifinsa Maimun, sai Yusuf, sai Ishaƙ, sai wani Yusuf, sai Obadiya, sai Sulaiman, sai wani Obadiya. Mutum bakwai, kuma yawancinsu ya laƙaba musu muƙamin alƙali. Nan ya tsaya. Daga baya wasu marubuta sun ja salsalar suka kai ta har gidan Annabi Dawud, abin da ba sabo ba ne in gida ya yi suna, ko ina ne a duniya. Mai bincike dai yana tsayawa inda mai gidan ya tsaya.

A wannan wurin ne kuma ya faɗi abin da ya warware wata tsohuwar gardama. Ƙarnuka da dama ana cewa a 1135 aka haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus, har da rana da wata, kuma ana jingina maganar ga jikansa Dawud. Da wannan lissafi aka yi bikin cikarsa shekara 800 a Ƙurɗuba a 1935. Sai dai Musa ya ce ya kammala sharhin yana da shekara 30, a shekara ta 1479. Kada wannan lamba ta rikita mai karatu. Yahudawan Masar suna amfani da wata kalanda da ta samo asali daga daular Girkawa ta Siriya, wadda ta fara ƙirga shekara 311 kafin kalandar miladiyya. Cire 311 daga 1479, ka sami 1168. Cire 30, ka sami 1138. Shi ya sa S. D. Goitein, wanda ya fi kowa daɗewa a kan waɗannan takardu, da mafi yawan masana na yanzu suka koma kan 1138. Ka ga, maganar jika ce a gefe guda, maganar mai shekarun a ɗaya gefen, kuma ba a buƙatar dogon tunani kafin a san wadda ta fi nauyi.

Gidan ya bar Andalus bayan Muwahhidun sun kama Ƙurɗuba a 1148, suka zauna a Fas, suka bi ta Akka a 1165, sannan suka yada zango a Masar. Daga nan ne takardun geniza suka fara magana a kansu.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda aikin yake, domin nan ne wahalar take. Mutanen nan ba su da sunan dangi irin na yau. Wane ɗan Wane ne kawai. Sannan suna da al'adar sa wa jika sunan kaka, kamar yadda ake yi a gidajenmu har a koma kiran yaro Abba. Ga kuma alkunya: duk mai suna Musa, Abu Imran ake ce masa, ko yana da ɗa Imran ko ba shi da shi. Saboda haka in ka tsinci guntun takarda da ke cewa Abu Imran likita, ba ka kama kowa ba tukuna.

Abin da ke taimakawa ƙananan alamu ne. Na farko, addu'ar da ke bin suna. Akwai addu'ar da ake yi wa mai rai, akwai ta mamaci, kamar yadda muke cewa Allah ya ja kwana ko Allah ya jiƙansa. In takarda mai kwanan wata ta ambaci mahaifin wani da addu'ar mamaci, to an san kafin wannan rana ya rasu. In wata ta shekara biyu baya ta ambace shi da ta mai rai, an matse lokacin rasuwarsa tsakanin biyun ke nan. Na biyu, takardun kotu da na aure na Yahudawan Masar sukan ambaci sunan shugaban al'umma da aka rubuta su a ƙarƙashin ikonsa. Wannan ɗabi'a ta magatakarda ita ta nuna cewa Musa ya riƙe shugabancin Yahudawan Masar wajen 1171, sannan sunan wani daban ya maye gurbinsa na tsawon shekaru. Akwai kuma jerin sunayen mamata da ake karantawa a majami'a don yi musu addu'a, gida-gida, daga kaka zuwa jika. Sai rubutun hannu, wanda gwani kan gane kamar yadda kake gane muryar ɗan'uwanka a duhu. Yanzu har kwamfuta ta shigo ciki: an ɗauki hoton yawancin guntayen, kuma akwai manhajar da ke kwatanta rubutu ta nuna cewa wannan yanki da ke Ingila da wancan da ke Amurka asalinsu shafi ɗaya ne da ya yage.

A ganina, takardar da ta fi kowace taɓa zuciya a labarin gidan nan ita ce wasiƙar ƙanensa Dawud. Dawud ɗan kasuwa ne, mai fataucin duwatsu masu daraja, kuma da kasuwancinsa gidan ke ci yayin da yayan ke karatu da rubutu. Ya rubuto wasiƙar daga Aizab, wata tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan, inda alhazai ke tsallakawa zuwa Jidda a wancan zamani. Yana ba yayansa labarin yadda ya ratsa hamada daga Ƙus da ƙyar, ya iso ya tarar babu wata hajar kirki a kasuwa sai shuni, don haka ya yanke shawarar wucewa Indiya ta teku. Yana ta kwantar masa da hankali kada ya damu. Jirgin da Dawud ya hau ya nutse a tekun Indiya, da shi da dukiyarsa da ta yayansa da ta wasu mutane. A wata wasiƙa da Musa ya rubuta wa wani alƙali a Akka bayan shekara takwas, ya ce kusan shekara guda ya yi a kwance saboda wannan rashi, kuma Dawud ya bar masa ƙaramar yarinya da mahaifiyarta. Wasiƙu biyu, daga hannu biyu, kowace tana gaskata ɗaya. Ga mai bin salsala, wannan shi ne samu. Reshen Dawud kuwa a kan wannan yarinya ya tsaya a takarda.

Nan ne za ka ga gurbin da ke cikin aikin gaba ɗaya, wato mata. Takardun ba su kawo sunan mahaifiyar Musa ba. Matarsa ma haka, alhali an san mahaifinta, Misha'el, an san gidansu na manyan magatakardan gwamnati ne, har jerin kakanninta maza ya tsira. Marubucin tarihi Ibnul Ƙifɗi ma ya kawo cewa auren musaya aka yi: Musa ya auri 'yar'uwar wani magatakarda mai suna Abul Ma'ali, shi kuma ya auri 'yar'uwar Musa. Duk da haka sunanta ita kanta bai fito ba. Wadda ta tsira da sunanta ita ce wata 'yar'uwarsa, Maryam, kuma dalili ɗaya ne: ta aika masa da wasiƙa tana kuka da ɗanta da ya yi tafiya ya daina aiko da saƙo, tana roƙon ya nemo mata labarinsa. Da ɗan nan ya riƙa rubuto wa uwarsa, da wataƙila ita ma ta ɓace.

Ɗan Musa guda ɗaya aka sani, Ibrahim, wanda aka haifa a 1186. Yana da shekara 18 uban ya rasu a ƙarshen 1204, kuma bai daɗe ba ya zama shugaban Yahudawan Masar, muƙamin da suke kira nagid. Shi Ibrahim takardunsa sun yi yawa a geniza: fatawoyi, umarnin a ba wane sadaka, wasiƙun sulhu. Akwai ma shaida daga waje. Likita Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rubuta tarihin likitoci, ya haɗu da shi suna aiki a asibiti a Alƙahira, ya siffanta shi da dogo siriri mai daɗin magana, ya kuma ce yana cikin likitocin Sarki al-Kamil. Irin wannan shaida tana da daraja ta musamman, domin Musulmi ne ya rubuta, ba shi da wata riba a ɗaukaka gidan. Ibrahim ya rubuta wani babban littafi da Larabci mai suna Kifayatul Abidin, inda tasirin sufaye Musulmi ya fito fili, abin da ya jawo masa rigima da wasu mutanensa. Ya rasu a 1237.

Daga nan salsalar ta miƙe. Dawud ɗan Ibrahim, 1222 zuwa 1300, ya gaji uban yana ɗan shekara 15, ya yi wani zama na gudun hijira a Akka, ya dawo. Ƙanensa Obadiya, 1228 zuwa 1265, ya bar wani ɗan littafi na sufanci. Sai Ibrahim na biyu ɗan Dawud, sai Yusha'u, 1310 zuwa 1355, wanda Yahudawan Yaman ke aiko wa tambayoyi, sai Dawud na biyu ɗan Yusha'u. Lura da sunayen: Ibrahim biyu, Dawud biyu bayan wanda ya nutse, Obadiya kuma ya dawo daga can saman jerin kakanni na Andalus. Takardar da ta ce Dawud nagid kawai, ba kwanan wata, tana iya zama ta ɗaya daga mutum biyu da ke da tazarar sama da shekara 100 a tsakaninsu. Sai a 1984 wani masani, Paul Fenton, ya tattaro rubuce-rubucen Dawud na biyu wuri guda ya fito da shi a matsayin marubuci mai zaman kansa.

In ka haɗa lissafi, kakanni bakwai, da Musa, da biyar a bayansa, tsatso goma sha uku ke nan a jere. Amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Biyar na ƙasa da shi Musa da mahaifinsa suna da takardu da littattafai da ke tsaya musu. Na can sama kuwa, mafi yawansu maganar Musa ce kaɗai ke riƙe da su.

Dawud na biyu ya bar Masar ya koma Halab ta Siriya a shekarun 1370, ya tafi da littattafan gidan. Ya rasu a farkon ƙarni na 15, kuma a kansa jerin da takardu suka tabbatar ya ƙare. Akwai gidaje a yau da ke cewa su zuriyar Musa bin Maimun ne, kuma ba abin mamaki ba ne jininsa ya ci gaba, ko ta 'ya'ya mata. Sai dai tsakanin a ce yana yiwuwa da a ce ga takarda akwai rata mai faɗi.

Littattafan da Dawud ya kai Halab su ma sun bar sawu. A ƙarni na 17 wasu limaman coci biyu 'yan Ingila da suka yi aiki da 'yan kasuwarsu a birnin, Edward Pococke da Robert Huntington, sun sayi rubuce-rubucen hannu da yawa suka kai Oksfod. A cikinsu akwai sassa uku na wancan sharhin Mishna, waɗanda masana suka yarda da hannun Musa aka rubuta su, ga gyare-gyarensa nan a gefen shafi. Wasu sassa biyu suna ɗakin karatu na ƙasa a Ƙudus tun 1975. Littafin sassa shida ne. Na shidan, wanda a ƙarshensa ne jerin kakannin nan bakwai da lissafin shekara 30 suke, shi ne ya ɓace. Ta hannun masu kwafa wannan shafi ya iso mana.