Kirsimetin ƴan mishan da yaran Miango

Duk ƙarshen Disamba, idan ɗalibaina na Dogo-Dogo da ke karatu a Magariya da Damagaram suka dawo hutu, nakan tuna wani tarihi da ba mu cika koyarwa ba.

A 1924 ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka sauka Damagaram. Daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Yawancinsu mutanen Amurka da Kanada ne, da iyalansu. Kirsimeti kan riske su cikin sanyin hunturu, gero ya riga ya shiga rumbu, su karanta labarin haihuwar Annabi Isa cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932.

Amma babbar murnar uwa a gidan mishan ita ce dawowar yara. Tun suna shekara shida ake kai da yawansu makarantar kwana ta Kent Academy a Miango, kusa da Jos, sai hutu su ga iyayensu. Da suka girma, wasunsu sun faɗi irin kewar da suka sha.

Mu ma muna tura ƙanana almajiranci Kano ko boko a birni, da kyakkyawar niyya kamar tasu. Iyaye, in yaro ya dawo, mu fara tambayarsa abin da ya ci da inda ya kwana, kafin izu nawa ya haddace ko maki nawa ya samu.